Kafin Ka Kai Jariri Koyon Iyo

Ɗana, na san ka ga bidiyon nan da ke yawo a wayoyi. Wata Baturiya ta ɗauki jinjiri ɗan wata bakwai ko takwas ta sake shi a ruwa, ya yi ƙasa, ya ɗan yi mutsu-mutsu, sai ga shi ya taso ya juya rigingine, fuska a sama, yana tsala kuka amma bai nutse ba. Masu kallo sun rabu biyu. Wasu na cewa wannan ai rashin imani ne, wasu na cewa ka ga inda aka ci gaba, mu muna nan muna tsorata yara da 'yan ruwa. Yanzu kuma abin ya iso manyan biranenmu, ana tallar darasin iyo na ƙananan yara, matasan iyaye irinka masu ɗan abin hannu da son yi wa ɗa gata sun fara tunanin kai nasu. Tunda Allah ya sa ka zama uba, zauna in gaya maka abin da na sani, don maganar ta fi ƙarfin bidiyon minti ɗaya.

Tsoron da ya sa Turawa suke wannan abu ba tsoron banza ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne da ba su cika shekara biyar ba. In aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce a kan gaba. A Amurka, inda yawancin bidiyon nan suke fitowa, babu abin da ya fi nutsewa kashe yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, saboda gidaje da yawa suna da wurin iyo na siminti a bayan ɗaki, yaro ya tura ƙofa, ya taka, ya faɗa. Abin ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yulin kowace shekara don faɗakarwa, tun daga 2021. Mu ma ba sai an ba mu labari ba. Damina ba ta wucewa ba ka ji a rediyo cewa jami'an kashe gobara na Kano sun ciro gawar yaro daga kududdufi ko rijiya ba.

Masu tallar darasin jarirai suna da wata magana mai daɗin ji, wai jariri da iyawarsa ake haihuwarsa, tunda wata tara ya yi kwance cikin ruwa a mahaifa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take kama mutane. In aka kifa sabon jariri a ruwa yakan riƙe numfashi na ɗan lokaci, bugun zuciyarsa ya ragu, ya riƙa motsa hannuwa da ƙafafu. Wata masaniyar girman yara a Amurka, Myrtle McGraw, ta bi diddigin wannan tun 1939, ta kuma ga abin da masu talla ba sa faɗa. Motsin na halitta ne irin na tsotson nono, jaririn bai san yana yi ba, kuma bayan 'yan watanni yakan ɓace. Daga nan sai ya shiga wani mataki da in aka sa shi a ruwa sai ya rikice, ya yi ta fafutuka, ya sha ruwa. Motsi na ganganci ba ya zuwa sai can bayan ya fara tafiya. Ko a watannin farkon ma, jariri ba ya iya ɗago kai ya shaƙi iska ya ci gaba. Bahaushe kuwa ya ce iya ruwa fid da kai.

Juyawar nan rigingine da ka gani horo ce. Waɗanda suka fi shahara da ita su ne wata cibiya mai suna Infant Swimming Resource, wadda Harvey Barnett ya kafa a 1966. Suna karɓar jariri daga wata shida, darasin minti goma a rana, kwana biyar a mako, har tsawon makonni, sai yaro ya saba juyawa ya kwanta a kan ruwa ya jira a ɗauke shi. Yaran suna koya, ban musa ba. Abin da nake so ka tambayi kanka shi ne: jaririn da ya juya a ruwa mai ɗumi, mai haske, malama na tsaye hannunta a buɗe, zai juya in ya sulluɓa cikin kududdufi mai taɓo da leda da ciyawa? In kuma da ka ya faɗa cikin bokiti ko duro, ina filin juyawar?

Likitocin yara na Amurka su kansu sun daɗe suna juya maganar. Shekaru da yawa ƙungiyarsu tana cewa a dakata da darasin iyo sai yaro ya cika shekara huɗu. A 2009 aka buga wani bincike da Ruth Brenner ta jagoranta. An duba yara 61 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu da ruwa ya ci, aka tarar biyu ne kacal a cikinsu suka taɓa shiga darasin iyo, alhali a cikin sa'o'insu 134 da ke raye, 35 sun shiga. Daga nan aka fitar da lissafin nan da za ka ji ana yaɗawa, cewa darasi yana rage haɗari da kashi 88 cikin ɗari. Yaran da aka ƙirga ba su da yawa, saboda haka kada ka riƙe adadin tamkar aya, amma alƙiblar da ya nuna a fili take. A 2010 ƙungiyar ta sassauta, a 2019 kuma ta ce yara da yawa za su amfana da darasi daga shekara ɗaya, gwargwadon lafiyar yaro da natsuwarsa. Amma ga wanda bai cika shekara ba, matsayinta bai canza ba: babu hujjar da ta nuna darasi yana hana shi nutsewa. Uwa ta shiga ruwa mai tsabta da jinjirinta a hannu, su yi wasa, ya saba da ruwa, wannan babu laifi. Sai dai a kira shi wasa, kada a kira shi kariya.

Ka kuma sani jikin jariri ba ya ɗaukar abin da naka zai ɗauka. In ana yawan dulmuya shi yakan haɗiyi ruwa da yawa, gishirin jininsa ya tsinke, har ta kai shi ga jijjiga, kuma likitoci sun taɓa ganin haka bayan darasin iyo. Sanyi ma yana kama shi da wuri, shi ya sa ake so ruwan ƙananan yara ya kasance da ɗumin digiri 31 zuwa 34. Ruwan da ba a kula da tsabtarsa kuwa, gudawa ce za ka sayo da kuɗinka.

Amma duk waɗannan ba su ne babban tsorona ba. Babban tsorona kai ne. Ranar da aka ce maka ɗanka ya iya, ranar idonka zai fara sauka daga kansa. Wani bincike a Kanada ya bi iyayen da ƙananan 'ya'yansu ke zuwa darasi, ya ga cewa yayin da darasin ke nisa, iyayen suna ƙara yarda cewa yaran za su iya kare kansu, ba sa buƙatar a tsaya a kansu sosai. Ɗan shekara biyu ko uku, ko da ya iya kaɗa ƙafa ya kai bakin ruwa, ba shi da hankalin da zai gane zurfi, ko santsi, ko gajiya. Sabo da ruwa ma yakan cire masa ɗan tsoron da da yake riƙe shi.

In kana neman ƙasar da za mu ɗauki darasi a wurinta, ni ba Amurka zan nuna maka ba, Bangaladash zan nuna maka. Talakawa ne, Musulmi ne mafi yawansu, gidajensu cike da yara, kuma kusan kowane gida a karkara akwai tafki ko rami mai ruwa a kusa. Da suka zauna suka ƙirga, sai suka tarar ruwa ne ya fi komai kashe musu yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Suka kuma gano abu biyu da ya kamata su tayar maka da hankali. Yawancin yaran a kusa da gida suke mutuwa, cikin tazarar da ba ta wuce mita 20 ba. Kuma yawanci da hantsi ne zuwa azahar, lokacin da uwa ke fama da girki da wanki da shara, uba yana gona ko kasuwa, yayye suna makaranta.

Maganin da suka samo bai ci wani kuɗin a zo a gani ba. Wata cibiyar bincike ta ƙasar, CIPRB, ta kafa gidajen raino a ƙauyuka, suna kiransu Anchal. Mace ɗaya da mataimakiyarta, 'yan unguwar, a horar da su, su tara yara ashirin da wani abu a ɗaki ɗaya daga ƙarfe tara na safe zuwa ɗaya na rana, ana wasa ana koyon karatu, har iyaye mata su gama aiki. Ƙananan ke nan, ba a sa su a ruwa ko kaɗan. Waɗanda suka tasa kuma aka yi musu shirin SwimSafe. A cikin tafkin ƙauyen ake kafa dandamali na gora, a kewaye shi, a yi masa daɓe yadda ruwan ba zai wuce ƙirjin yaro ba, matasan garin da aka horar su koyar. Ba a sallamar yaro sai ya yi iyon mita 25, ya iya tsayuwa a kan ruwa na daƙiƙa 30, ya kuma iya miƙa wa wanda ke nutsewa sanda daga tudu ba tare da ya shiga ba. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna nutsewa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari a tsakanin yaran gidan raino, da fiye da kashi 90 a tsakanin waɗanda suka koyi iyo. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara mai kama da wannan: yaron da bai kai shekara shida ba a sama masa mai kula da shi, ɗan shekara shida zuwa sama a koya masa iyo. Ka ga ta ɗan sha bamban da likitocin Amurka a kan shekaru, amma ban ga saɓani a ciki ba. Su suna magana ne a kan inda ake da ƙwararrun malamai da ruwa mai tsabta a killace, ita kuwa tana duba har da wurare irin namu.

Yanzu dawo gidanka ka duba da idon mai rarrafe. Baho ga shi an jiƙa wanki an bar shi a tsakar gida. Bokitin fenti da aka mayar na ɗiban ruwa, mai tsawo, mai nauyin da ba ya kifewa, yana nan rabi da ruwa a bakin banɗaki. Duro an buɗe shi tun da mai ruwa ya juye, rijiya an rufe ta da tsohon kwano da dutse ɗaya, ramin da magina suka haƙa a kangon maƙwabci ya cika da ruwan sama. Yaro mai koyon tafiya kansa ya rinjayi jikinsa. Ya dafa bakin bokiti, ya leƙa, ya ga fuskarsa, ya miƙa hannu, sai ƙafafu su bar ƙasa. Hannuwansa ba su da ƙarfin tura shi baya. Ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ya isa, muddin ya rufe hanci da baki.

Kuma ba za ka ji komai ba. Wannan ne abin da mutane ba su yarda da shi sai ya faru. A fim mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu. A zahiri wanda ruwa ke ci duk ƙoƙarinsa ya shaƙi iska ne, ba shi da numfashin kira, ƙaramin yaro kuwa shiru yake tafiya. Minti huɗu zuwa shida ba iska, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Lokacin amsa waya ɗaya ke nan, ko leƙa tukunya, ko raka baƙuwa zaure. Shi ya sa ƙa'idar da likitoci suka gindaya ga yaron da bai kai shekara biyar ba ita ce, in yana cikin ruwa ko kusa da shi, babba ya kasance inda zai miƙa hannu ya taɓa shi. Babba na ce. 'Yar shekara bakwai da aka goya wa ƙane ita ma yarinya ce, da ƙawayenta sun kira ta wasa ta ajiye shi.

'Yata, uwar yaron, ke ma da ke nake, amma ba don in ɗora miki laifi ba. Mace ɗaya ba za ta tuƙa tuwo, ta yi wanki, ta shayar da na goye, sannan idonta ya zauna kan mai tatata ba, kuma namijin da ya dawo yana faɗa bayan abu ya faru, a tambaye shi murfin rijiyar da aka yi wata uku ana roƙonsa. Ki fi kiyaye ranar taro. Ranar suna ko biki gida ya cika da mata, an jera durori da manyan robobi cike da ruwa, yara suna ta kai-kawo, kowa na zaton wata na kallo. Ki kama sunan mutum ɗaya ki ce, wance, yaran nan a hannunki suke har la'asar, in za ki tashi ki damƙa wa wata baki da baki.

To, yaushe za a koya? In kana da hali da wuri mai tsabta da malamin kirki, daga shekara ɗaya zuwa uku ku shiga ruwan tare, kai ko mahaifiyarsa, ya koyi jiran izini kafin ya shiga, ya koyi kama bakin wuri da fitowa. Daga shekara huɗu yawancin yara sun isa darasi na sosai. In kuma a ƙauye kake ko a unguwar da ba wurin iyo, ka riƙe shi kusa har ya kai shida, sannan a nemi wuri marar zurfi da aka killace. Malamin da za ka ba ɗanka, tambaye shi ko ya iya farfaɗo da wanda ya nutse, ka duba yara nawa ya tara, ka tsaya ka kalli darasi ɗaya kafin ka biya. Wanda ke jefa yaro ko danna masa kai yana kuka, ɗauke ɗanka ka tafi. Ka duba kuma me ake koyarwa. Kyan salo ba shi ne gaba ba, abin da ake so shi ne yaro ya faɗa ba shiri, ya taso, ya kwanta a kan ruwa ya huta, ya juya ya nufi gaɓa ya fita. A ƙasar Holan ba a ba yaro takardar shaidar iyo ta farko sai ya yi iyo da tufafinsa a jiki, don mai faɗawa ruwa ba ya samun damar tuɓewa. A Ingila kuma manhajar firamare ta tanadi kowane ɗalibi ya iya iyon mita 25 kafin ya gama. Balan-balan ɗin nan da ake zura wa yara a damtse kayan wasa ne, suna sacewa, suna zamewa. Yaro mai farfaɗiya kuwa, ko ya iya iyo, ba a barinsa shi kaɗai a ruwa, har a baho.

Kada wani ya ce maka koyon iyo baƙon abu ne. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Kuma gwanaye ba mu rasa su ba. Duk wanda ya kalli wasannin ruwa na Kabawa a bikin Argungu, ko ya ga 'ya'yan Sarkawa a Yawuri, ya san akwai malamai a ƙasar nan, tsari ne babu. Abin da muke yi shi ne mu hana yaro zuwa kududdufi da bulala, shi kuma ya saci jiki ya tafi da abokai, ya koya a wurin ɗan shekara goma, a ruwan da ba wanda ya san zurfinsa. In ya tsira daga nutsewa ya dawo da tsargiya, yana fitsarin jini ana cewa balaga ce. Cuta ce da ake ɗauka daga ruwan da dodon koɗi ke zaune a ciki, tana da magani a asibiti, kuma dalili ce ta a zaɓi ruwan koyo da kyau. 'Ya'ya mata ma a koya musu. Su ne masu zuwa rafi wanki da ɗiban ruwa, su ne masu goyo a cikin kwale-kwale, kuma ba abu ne mai wuya ba a sami malama mace da wuri a suturce.

Iyo ma yana da iyakarsa. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ɗauke da 'yan makarantar Islamiyya daga ƙauyen Badau za su wajen Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Allah ya jiƙansu. A tsakiyar ruwa irin wannan, kowa na riƙe kowa, iyon mita 25 ba lalle ya fid da yaro ba. Abin da ke ceto a nan shi ne rigar kariya daga nutsewa, da ƙin shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, ko da kuwa shi ne na ƙarshe a ranar.

In kuma ƙaddara ta faɗa aka ciro yaro ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna masa ciki ko riƙe ƙafafunsa a juya shi ƙasa wai ruwa ya fita. Iska yake buƙata. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji ana sake hurawa, wani kuma ya nemo mota. Wannan ba a koyonsa daga takarda, je ka wurin ma'aikatan lafiya ko 'yan agajin Red Cross su nuna maka da hannu, ka tafi da maiɗakinka. Ko yaro ya farfaɗo ya yi kuka, a kai shi asibiti a duba huhunsa.

Juma'ar nan ka tayar da maganar a gaban mai unguwa da dattawan masallaci: a kewaye kududdufin unguwa, a cike ramukan magina, a nemi mata biyu masu amana da za su riƙa tara ƙananan yara da hantsi ana biyansu. Kafin Juma'ar ta zo, yau da dare, ka zagaya gidanka da tocila. Ka kifar da duk baho da bokitin da ba a buƙatar ruwansu, ka ɗaure bakin duro, ka ja ƙofar banɗaki. Gobe ka kira mai walda ya yi wa rijiya murfin ƙarfe, a sa kwaɗo, makullin ya zauna a hannun babba.